Sauraron Taurari da Man Janareton Baba

Sa'ad da aka aiko mini cewa ana so tsofaffin ɗalibai su rubuta wani abu domin littafin shekara, na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa muku. Waɗansu za su ba ku labarin digiri da manyan ofisoshi. Ni kuwa labarin wata takardar shaida zan ba ku, wadda take kwance cikin akwatina fiye da shekara 20, ban taɓa rataye ta a bango ba.

Abin ya faro tun ina aji uku a nan. Wani dare bayan ɗaukewar damina aka ɗauke wuta muna tsakiyar karatun dare. Maimakon malaminmu na labarin ƙasa ya kora mu ɗakin kwana, sai ya fita da mu filin ƙwallo. Sama ta yi tas. Ya nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ya ce waɗannan taurari kowannensu rana ce kamar tamu, nisa ne kaɗai ya mai da su ƙanana. Wani a cikinmu ya ce, "Malam, to, akwai mutane a can?" Muka fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce akwai masana a ƙasashen waje waɗanda aikinsu ke nan, suna kasa kunne da manyan na'urori ko za su ji amsar wannan tambaya. Sauran yara sun manta da maganar kafin gari ya waye. Ni ta zauna mini.

Daga baya na gane Malam gaskiya ya faɗa. A 1960 wani masanin taurari mai suna Frank Drake ya juya wani faranti na rediyo mai faɗin mita 26 a Green Bank, cikin Amurka, ya fuskanci taurari biyu, yana sauraro ko akwai mai aiko da saƙo. Bai ji saƙon kowa ba, amma daga nan sauraron bai tsaya ba. A 1993 majalisar dokokin Amurka ta yanke kuɗin da hukumar NASA take kashewa a kan wannan nema, masu aikin suka koma neman taimako wurin masu bayarwa. Kunne suna da shi, gama akwai ƙaton farantin Arecibo a tsibirin Puerto Rico, wanda aka gina cikin wani kwari, faɗinsa mita 305, wato kusan filin ƙwallo uku a jere. Abin da suka rasa shi ne kwamfutar da za ta iya tace dukan abin da kunnen yake kwasowa. A 1995 wani mai suna David Gedye ya kawo shawara cewa a raba aikin ga kwamfutocin jama'a, tun da yake yawancinsu zaman banza suke yi in masu su sun tashi. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ɗauki aikin, David Anderson yana shugabanta, Dan Werthimer yana lura da fannin kimiyya. Ran 17 ga Mayu 1999 aka buɗe shi da suna SETI@home, ma'anarsa neman halittu masu hankali a wajen duniyarmu, kowa daga gidansa.

Ku da kuka taɓa taya masu dafa abinci tsintar wake za ku gane yadda abin yake. Buhu guda ba ya tsintuwa a hannun mutum ɗaya, sai a zuba wa kowa a faifai. Bambancin kawai shi ne, mu tsakuwar muke nema, ba waken ba. Na'urar SETI@home ba ta da ikon juya farantin Arecibo inda take so. 'Yar a rage mini hanya ce: duk inda sauran masana suka fuskantar da shi domin nasu binciken, nan take saurara. Tana ɗaukar zangon da ke kewaye da megahaz 1420, inda iskar haidurojin take fitar da nata amo. Masana sun yi tunanin cewa duk mai hankalin da ya san taurari ya san wannan zango, in zai yi kira, a nan zai yi. Ana naɗe abin da aka ji a kaset mai cin gigabait 35, a aika da shi Berkeley ta gidan waya, gama a lokacin tsibirin ba shi da layin intanet mai ƙarfin ɗaukar wannan kaya. A can sai a yayyanka shi ƙanana. Kowane ƙunshi sauraron daƙiƙa 107 ne, nauyinsa wajen kilobait 340. Shi ne kwamfutarka za ta karɓa, ta tace, ta mayar da amsa, ta karɓi wani.

Me take nema a ciki? Yawancin abin da ke cikin ƙunshi shuuu ne kawai, irin na rediyo in an bar ta tsakanin tasha da tasha. Kwamfutar tana neman amon da ya yi tsini fiye da sauran, ko mai bugawa daidai da daidai kamar ganga, ko uku a jere masu tazara ɗaya. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda yake tasowa a hankali, ya yi ƙarfi, ya kuma dushe cikin wajen daƙiƙa 12, gama haka kunnen farantin yake ɗauka kafin ya wuce tauraro guda. Amon da ya fito daga na'urorin mutane a nan ƙasa ba ya yin haka. Har wa yau, tun da yake duniyarmu tana juyawa, wancan wurin ma yana juyawa, muryar saƙon za ta riƙa zamewa, kamar yadda ƙahon mota yake sāke murya in ta wuce ka a guje. Dole kwamfutar ta gwada dubban irin wannan zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne yake cin lokaci.

A 2002 na sami aiki a Jos, a wani shagon buga takardu da koyar da kwamfuta. Mai wurin dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa duka a shagon. Baba muke kiransa. Bai san kome game da kwamfuta ba, bai kuwa ɓoye haka ba. Ya ba ni mabuɗi, ya ba ni ɗan ɗaki a bayan shago, ya ce, "Ɗana, kai ne idona a nan." Kwamfuta biyar muke da su, dukansu kwance ne daga Turai, ɗaya ce kaɗai aka haɗa da layin tarho domin aika wasiƙun intanet na masu zuwa. Akwai mata biyu masu buga takardu, da wani yaro ɗan shekara 15 wanda yake shara, yana kuma zuwa sayo mai a jarka. Da ɗan abin da Baba yake ba shi yake biyan kuɗin makarantar yamma.

A cikin wata tsohuwar mujallar kwamfuta da wani ya manta a shagon na ga labarin SETI@home. Daren nan na sauko da manhajar, wato umarnin da ake zuba wa kwamfuta ta bi. In an bar kwamfutar minti kaɗan ba a taɓa ta ba, sai allon ya cika da zane mai launi ja da shuɗi da ruwan hoda, kamar jerin duwatsu suna motsi. Na zauna ina kallo har kusan asuba. Ni ne yau nake taya masana sauraron sama, daga bayan shago.

Amma ba a daɗe ba na ga wahalar. Waɗanda suka rubuta manhajar sun yi ta ne domin mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, layinsa kuma yana kusa. Ƙunshi ɗaya take karɓa a lokaci guda. In ta gama, sai ta tsaya cik tana jiran layi. Tamu takan ci awa 25 zuwa 30 a kan ƙunshi guda, wato kwana uku ke nan a yadda muke samun wuta. Sau da yawa takan gama da rana, sa'ad da layin yake hannun masu biyan kuɗi, ko a ranar da layin ya mutu ɗungum. In ma an sami layi, wani lokaci uwar kwamfutar ta Berkeley ba ta amsawa saboda cunkoso, gama masu aikin sun yi tsammanin mutum dubu 50 ko dubu 100, sai ga miliyoyi. Sauran kwamfutoci huɗu kuwa, da ba su da layi, ba su da hanyar shiga aikin ko kaɗan.

A nan ne na gamu da abin da nake kira yaran mota. Kun san babbar mota ba ta tafiya da direba kaɗai. Akwai yaran da suke loda kaya, su ɗaura tamfol, su sa weji, su leƙa baya su ce a zo ko a tsaya. Ba sa taɓa sitiyari, amma in babu su tafiya ba ta yin daɗi. Haka waɗansu mutane a ƙasashe dabam dabam, waɗanda ba ma'aikatan jami'ar ba ne, ba kuwa wanda ya biya su, suka zauna suka rubuta ƙananan manhajoji na taimako, suka sa a intanet kyauta. Kowannensu wata matsala ce ta dame shi a gidansa, ya yi mata magani, sa'an nan ya ce bari saura ma su amfana. A lokacin jami'ar ba ta buɗe wa kowa cikin manhajarta ba, saboda haka daga waje suka yi aikinsu. Sun lura cewa manhajar tana ajiye 'yan fayiloli a jakarta: ɗaya shi ne ƙunshin, ɗaya yana nuna inda aka kai, ɗaya kuma amsar. Da waɗannan 'yan fayiloli suka gina dukan dabarunsu.

Na farko da ya cece ni shi ne SETI Driver. Sunansa direba, amma aikin yaron mota yake yi. Shi yakan buɗe jakunkuna da yawa, in an sami layi ya kwaso ƙunshi goma ko ashirin gaba ɗaya, ya jera su, ya riƙa miƙa wa manhajar ɗaya bayan ɗaya. Amsoshin kuma ya tara su har ranar da layi ya samu. Yana aiki ne da wani nau'in manhajar wanda ba shi da zane, sai baƙin allo da ɗan rubutu, wanda kuwa ya fi mai zanen sauri, gama zanen nan mai kyau da na kwana ina kallo ƙarfin kwamfuta yake ci a banza. Na ji zafin rabuwa da shi, amma na rabu. Da na gane yadda jakunkunan suke, sai na fara kwafe su a faifan fulofi ina kai wa sauran kwamfutocin. Faifai ɗaya yana ɗaukar ƙunshi uku da sauran wuri. In sun gama, in kwaso amsa in dawo da ita wurin mai layi. Nakan yi dariya in na tuna cewa masu Arecibo ma da gidan waya suke aika nasu kaset. Ashe ɗaukar kaya a ka ba mu kaɗai ba ne.

Wanda na fi ƙauna shi ne SETI Spy. Ba ya taɓa kome, leƙe kawai yake yi ya faɗa maka. Yana nuna kashi nawa cikin ɗari aka yi, awa nawa ya rage, amo mafi ƙarfi da aka tarar, da ranar da aka naɗi sauraron. Yana kuma da taswirar sama, inda yake sa alama a daidai wurin da ƙunshinka ya fito. Ta wurinsa na gane wani abin da ya sa tsigar jikina ta tashi. Arecibo yana wajen digiri 18 arewa da tsakiyar duniya, Jos kuwa wajen digiri 10. Farantin ba ya iya karkata da nisa, samansa kawai yake ji. Wato ɓangaren saman da yake saurara shi ne wanda yake bi ta bisa kanmu kowane dare. Wata rana alamar ta faɗa kusa da Kaza da 'Ya'yanta. Na fita waje cikin sanyin Jos na ɗaga kai, na tuna da filin ƙwallonmu da malamin labarin ƙasa.

Akwai waɗansu kuma. SetiQueue rumbu ne: a wurin da aka haɗa kwamfutoci da waya, sai guda ta zama mai ajiya, saura su riƙa karɓa daga gare ta suna mayar mata, ita kaɗai take magana da Berkeley. SETIWatch yana nuna maka aikin kwamfutoci da yawa a allo ɗaya. Sai kuma SetiHide, wanda aikinsa ya haɗa da ɓoye baƙin allon domin kada ya tsaya wa mutum a gaba. SETI Driver ma yana da ɗan akwatin da in ka sa masa alama allon zai ɓace, aikin kuwa yana ci gaba a ɓoye. Waɗanda suka yi wannan dabara domin sauƙi suka yi ta, gama ba wanda yake so baƙin allo ya tare masa wasiƙar da yake bugawa. Amma wuƙar da take yanka albasa ita take yanka yatsa.

Jami'ar ba ta hana yaran mota ba, har ta jera sunayen waɗansu a shafinta. Abu biyu ta hana. Na ɗaya, kada kowa ya buɗe injin ya sāke lissafin. Tun 1999 waɗansu gwanaye suka fara yi wa manhajar kwaskwarima domin ta ƙara gudu, masu aikin kuwa suka ƙi, da hujja mai ƙarfi: in lissafin ya karkace ko kaɗan, saƙon gaske zai iya wucewa ba a gani ba, ko kuwa a ga na ƙarya. Shi ya sa suke aika ƙunshi guda ga mutane da dama su gwada amsoshin. Na biyu, kada kowa ya sa manhajar a kwamfutar da ba tasa ba sai da izinin mai ita. Na karanta wannan da idona. Na ce a raina, ai Baba ya ce ni ne idonsa.

Ban tambaye shi ba. Na sa wa ɗan akwatin nan alama a dukan kwamfutoci biyar. Matan da suke buga takardu ba su lura ba, gama manhajar tana janyewa da zarar wani aiki ya zo, ragowar ƙarfi kaɗai take ci. Da a nan na tsaya, da watakila ba wanda zai cutu sosai. Amma akwai wani abu a shafin SETI@home wanda ya fi taurarin jan hankali, wato lissafin ƙunshi nawa kowa ya gama. Ana jera mutane, da ƙungiyoyi, da ƙasashe. In ka kai 100 akwai takardar shaida da za ka buga da sunanka, haka in ka kai 250, da 500, da 1,000. A hankali na daina buɗe taswirar sama. Abin da nake dubawa kawai shi ne awa nawa ya rage. In an tashi aiki ƙarfe bakwai babu wuta, SETI Spy kuwa ya ce saura minti 50 wani ƙunshi ya ƙare, sai in rufe ƙofa in bar janareto yana ruri. Minti 50 ya zama awa biyu, gama in wannan ya gama, wancan ma ya kusa. Da tsakar dare kuma in hau layin tarho in aika amsa in kwaso sababbi, wajen rabin awa kowane hawa. A shekarar nan litar mai naira 26 ce a gidan mai, in an samu ke nan. In ba a samu ba, sai 'yan bumburutu da nasu farashi.

Baba mutum ne mai rubuta kowane kwabo a littafi. Bayan wata biyu ya ce mini mai yana ƙarewa da wuri. Na ce injin ne ya tsufa. Ya kira makaniki, ya biya shi, makaniki ya wanke abin da zai wanke. Mai bai daina ƙarewa ba. Na ga Baba ya fara auna jarka da ido duk sa'ad da yaron ya dawo da ita. Na gani sarai, na kuwa yi shiru, gama ina da 95.

Daren wata Alhamis na 96 ya gama. Tsoro ya kama ni cewa asiri zai tonu kafin in kai 100. Na riga na karanta wata dabarar da masu ha'inci suke yi a shekarar nan, wadda ta jawo gardama ƙwarai tsakanin ƙungiyoyin da suke gasa: a kwafe ƙunshin da ya gama ko ya kusa gamawa zuwa wurare da yawa, a aika kowanne kamar sabon aiki. Na kwafe jakar sau huɗu. Na aika amsa guda sau biyar. Cikin minti kaɗan lissafina ya nuna 100. Na buga takardar a kan takarda mai kauri ta shagon, da tawadar Baba. Na riƙe ta a hannu ina jira in ji daɗi, daɗin bai zo ba. Amsoshin nan huɗu ba su ƙara wa masana ko daƙiƙa ɗaya ta sauraro ba.

Da safe na fito na tarar da yaron a tsaye bakin ƙofa, jarka a gefensa, yana kuka ba sauti. Baba yana zaune da littafinsa a buɗe. Ya lissafta litocin da suka ɓace cikin wata uku, ya ce ba zai kai shi wurin 'yan sanda ba saboda uwarsa, amma kada ya ƙara taka shagon. Yaron yana ta cewa, "Baba, ban taɓa ba." Sa'an nan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Yaya, ka faɗa masa." Nufinsa in shaide shi cewa ba ya sata. Bai san abin da yake roƙo ba.

Ba zan ce muku nan da nan na buɗe baki ba. Na bar shi ya kai bakin titi tukuna. Sa'an nan na ce, "Baba, a kira shi. Ni ne."

Na yi zaton Baba zai yi faɗa. Sai ya ce in nuna masa. Na cire alamar ɓoyewa, baƙin allo ya bayyana a kwamfutoci biyar a gaban kowa. Na buɗe masa mai zanen, na buɗe taswirar sama, na yi ta bayani a kan Arecibo da haidurojin, bakina yana rawa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Su waɗannan Turawa, nawa suke biyan ka?" Na ce, "Ko kwabo, Baba. Taimako ne." Ya ce, "To, ashe ni nake taimakon, ba kai ba. Ni da wannan yaro."

Hukuncinsa uku ne. Na roƙi gafarar yaron a gaban ma'aikata duka, ya kuma sa na bi shi har gida na faɗa wa uwarsa da bakina. Wannan ya fi mini yankan albashi zafi. Aka cire kuɗin mai da na tarho da na makaniki daga albashina cikin wata huɗu. Mabuɗin shago kuma ya koma aljihun Baba har ƙarshen shekara. Abin da ban yi tsammani ba shi ne na ƙarshe. Ya ce in bar abin a kwamfuta ɗaya, a fili, da wutar gari kaɗai, ban da janareto. Ya ce shi ma yana so ya ji in sun amsa. Tun daga ranar, in ya shigo da safe ya ajiye sandarsa, sai ya ce, "To, mai taurari, sun yi magana?" In ce ba su yi ba tukuna. Ya ce a ci gaba da saurare. Shekara guda bayan haka, da aka haɗa kwamfutocin da waya, shi da kansa ya yarda na sa SetiQueue, yaron nan kuwa shi na koya wa lura da shi. A 2009 na karanta labarin wani ma'aikacin makarantu a jihar Arizona ta Amurka wanda ya rasa aikinsa bayan an tarar da SETI@home a dubban kwamfutocin makarantun. Na daɗe zaune da labarin a gabana.

A watan Maris 2003 aka ba masu aikin awa 24 su juya farantin Arecibo da kansu, suka koma suka saurari wurare fiye da 150 da suka fi alama. Ba a tabbatar da saƙo ko ɗaya ba. A 2004 suka fara ƙaura zuwa sabon tsari mai suna BOINC, aka kuma rufe tsohuwar manhajar a Disamba 2005. Ranar nan SETI Driver da SETI Spy da SetiQueue suka zama ba su da motar da za su bi. Amma in ka duba sabon tsarin, sai ka ga aikinsu a cikinsa: yana tara aikin kwanaki da kansa, yana nuna inda aka kai da lokacin da ya rage. An kuma toshe ramin da na bi, gama ba a ba ka maki sai amsarka ta yi daidai da ta wani. An buɗe cikin manhajar ga kowa, gwanayen ƙara gudu suka koma yin aikinsu a fili. Waɗansu masana kuma suka ɗora nasu bincike a kan BOINC, har da na yanayin duniya da na zazzaɓin cizon sauro. A ganina waɗanda suka rubuta yaran motar nan ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Su ne suka nuna wa masu gini inda ɗakin yake yoyo, su ne kuma suka buɗe ƙofa ga irinmu masu layi rabi da rabi.

Mutum fiye da miliyan 5 ne suka shiga aikin. Ran 31 ga Maris 2020 aka daina raba ƙunshi, domin masana su zauna su tace abin da aka tara. Ran 1 ga Disamba na shekarar, igiyoyin da suke riƙe da na'urorin Arecibo suka tsinke, kayan suka faɗo suka ragargaza farantin. A 2025 aka buga sakamakon: daga alamu wajen biliyan 12 da kwamfutocin jama'a suka tsinto, an tace har saura kusan 100 da suka cancanci a sāke saurara, aka kuwa miƙa su ga farantin FAST na ƙasar Sin, mai faɗin mita 500. Rahoton bai ce an ji muryar kowa ba.

Ubangiji ya kira Baba gida tun kafin wannan. Da na karanta labarin, na buɗe akwati na fito da takardar. Tawadar ta koɗe, amma 100 ɗin yana nan ɓaro ɓaro. Na ɗauki waya na kira yaron nan, wanda yanzu magidanci ne mai shagon gyaran kwamfuta da yara uku a ƙarƙashinsa. Na fara ba shi labarin biliyan 12 da farantin ƙasar Sin, sai ya katse ni da muryar Baba, ya ce, "Yaya, sun yi magana?" Na ce ba su yi ba tukuna. Ya ce, "To, in za ka ci gaba da saurare, ka zo da jarkarka."